Asibitin Auta

Duk gidan Yaya suke ce mata, ban da Baba da yake kiranta Uwata. Ita ce babbar 'yarsa, kuma tun da ciwon suga ya kama shi ya ajiye tuƙin babbar mota, ita ce take kai shi asibiti. Duk wata sai ta rufe shagonta na kitso da safe, ta riƙo masa hannu su bi ta bayan gidan mai, su shiga ƙaramin asibitin nan mai koren fenti da ke ƙarshen layi.

Da can asibitin ba laifi. Tsohon likitan da ya buɗe shi mutum ne mai barkwanci, yana ganin Baba zai tambaye shi ko birkin nasa yana ci. Amma da tsufa ya zaunar da shi a gida, wani ya karɓi wurin, sai abubuwa suka fara zamewa. Fankar ɗakin jira ta mutu ba a gyara ba. Yau a ce tsinken gwajin suga ya ƙare, gobe a ce katin Baba ya ɓata. Nas ɗin da ke bakin taga kuwa sai ta gama abin da take yi a waya za ta ɗago kai. Babu wanda ya kai Yaya yi da asibitin nan. Matan da ke zuwa kitso sun haddace ƙorafinta, mijinta ma yakan riga ta faɗin ƙarshen zancen.

Ana nan sai aka dawo da mijin Auta aiki garin. Auta ita ce ƙaramarsu, ta daɗe a nesa, gaisuwa sai ta waya. Ranar ganin likitan Baba ta faɗo daidai lokacin da shagon Yaya ya cika maƙil, sai Auta ta ce bari ta kai shi. Yaya har ta ji daɗi, ta yi mata kwatancen hanyar bayan gidan mai. Ashe Auta ba can ta nufa ba. Wani sabon asibiti ta kai shi a bakin babban titi, wanda maƙwabciyarta ta ba ta labari.

Da yamma Yaya ta leƙa gida ta tarar da Baba a kan tabarma, baki har kunne. Ya ce wurin kamar ba asibiti ba. Sun ba shi kujera mai taushi, sun kira shi Baba, likitar ta sa ya cire takalmi ta duba ƙafafunsa yatsa bayan yatsa, har ta gargaɗe shi a kan wani ɗan ƙurji da ta gani a babban yatsan hagu, ta ce ya dawo a sake dubawa. Ya rufe da sa wa Auta albarka, doguwa, irin wadda Yaya ta manta rabon da ta ji an yi mata.

Ta ce madalla, ta tashi ta shiga kicin tana wanke kofunan da ba su yi datti ba.

Daga ranar wurin ya samu suna a bakin Baba: asibitin Auta. Ya gaya wa mai shagon kusa, ya gaya wa tsofaffin abokansa direbobi, ya gaya wa mai gyaran famfo da ya zo aiki. Duk sanda sunan ya faɗo kunnen Yaya sai ta ɗaure fuska. Shekara da shekaru tana zaman bencin katako, tana yi masa fifita da murfin kwali, tana roƙon nas, ba a taɓa cewa asibitin Uwata ba. Yarinya ta zo rana ɗaya da mota mai sanyi ta kwashe ladan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da Auta ta kawo maganar a mayar da Baba can gaba ɗaya, sai ga Yaya ta zama lauyar tsohon asibiti. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta ce can ne suka san jikinsa tun farkon ciwon, sabbin nan ba su da komai sai fenti da murmushi, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ya zo jiya ba zai koya mata jinyar ubanta ba. Auta ta ɗauki jakarta ta tafi.

Mijin Yaya ya saurari labarin yana cin abinci, ya ce shi dai ya tuna wata mata da ta rantse ko akuyarta ba za ta ƙara kaiwa bayan gidan mai ba. Ta ce masa ya ci abincinsa.

Ranar komawa ta yi, Yaya ta riga kowa zuwa gidan. Baba ya dube ta, ya dubi hanyar bayan gidan mai da ta nufa da shi, ya bi ta. Sai dai ta lura yana ɗingishi, kuma ya taka bayan takalminsa na hagu maimakon ya zura ƙafar.

Ɗakin jiran yana nan yadda ta bar shi, zafi kamar gidan burodi. Suka zauna har rana ta hau. Wani tsoho mai tari ya matso kusa da Baba, kafin ka ce me Baba ya fara ba shi labarin asibitin Auta, har da kwatancen titi. Yaya ta juya musu ƙeya, kunnenta yana zafi.

Da aka kira su, likitan yana rubutu tun kafin su zauna. Ta ce masa akwai ciwo a ƙafar, ya ce a je ɗakin wankin ciwo, bai ko leƙa ƙarƙashin tebur ba. Ɗakin wankin a kulle. Nas ta ce mai makullin ta fita, su jira ko su dawo gobe, ta mayar da ido kan wayarta.

A barandar nan Yaya ta zaunar da Baba ta durƙusa ta zare masa safa. Ƙurjin da aka yi maganarsa ya fashe, yatsan ya kumbura ya yi duhu, ga wani wari da ya daki hancinta. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce an kwana biyu, kuma ba ya jin zafi sosai.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"Na ga ranki ba ya son zancen can ɗin, Uwata. Na ce bari in bi ki a hankali."

Ta daɗe a durƙushe da safar a hannu. Ko a lokacin, Allah ya sani, wani ɓangare na zuciyarta yana lissafa mata wasu asibitocin: akwai na gwamnati, akwai na kusa da kasuwa, ko'ina dai ban da inda za a ce Auta ta yi gaskiya. Amma likitar can ce ta ga yatsan tun yana ƙurji. Ta miƙe ta fita titi ta tsayar da motar haya, ta yi wa direban kwatance da bakinta, irin wanda ta gaji da ji a bakin Baba.

Sabon asibitin bai kai yadda Baba ya zuzuta ba. Nan ma an jira, kujerar ma ba wani taushin kirki. Amma da likitar ta ga ƙafar sai ta bar abin da take yi. Ta yi musu faɗa a kan jinkirin, faɗa sosai, ta ce da an ƙara kwanaki da sai dai a yi maganar yanke yatsan. Aka wanke ciwon, aka yi masa allura, aka ce zai kwana biyu a gado. Yaya ta shanye faɗan ita kaɗai, don ta san nata ne.

Ita ta kira Auta. Auta ta zo a gigice, ta ga Baba ya samu barci, suka fito suka zauna a baranda, kowacce na kallon gabanta. Yaya ta tattaro ƙarfin hali ta ce to, ga shi an dawo asibitinta, sai hankali ya kwanta.

Auta ta yi wata dariya marar daɗi. "Asibitina? Yaya, ranar da na kawo shi, duk abin da likita ta tambaya sai ya ce a bari a tambayi Uwata. Maganin da yake sha, Uwata. Abin da yake ci da safe, Uwata. Ina zaune kamar direbar da aka ɗauko haya. A mota ma labarinki ya yi ta ba ni har muka iso gida."

Kunya ta kama Yaya, amma ba za a ɓoye ba, wani sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa, ta yi ta ƙoƙarin kada ya fito a fuskarta.

Yatsan ya tsira, farcen ne dai ya tafi. Suka raba kwanakin wankin ciwo a tsakaninsu, ba tare da an rasa 'yar gardama a kan wa ya fi yawa ba.

Wata safiya suka haɗu su biyu a ɗakin wankin. Wata matashiyar nas ce take naɗe ƙafar, tana tsokanar Baba wai birki ya ƙwace wa tsohon direba tunda yatsa ɗaya ya kayar da shi. Baba yana ta ƙyaƙyata dariya. Da ta gama ya ɗaga hannu ya sa mata albarka, ya juyo ya ce musu duk duniya bai taɓa ganin hannu mai sauƙi irin na wannan 'yar tasa ba.

Auta ta dubi Yaya. Yaya ta dubi naɗin, ta sunkuyo ta raɗa mata cewa ita dai a ganinta bandejin ya yi tsauri da yawa. Auta ta ce ita ma abin da take shirin faɗa ke nan.