Tumaki Ba Sa Jiran Majalisa

Ranar da aka ɗage ficewarmu daga Tarayyar Turai karo na uku, Baba bai zagi kowa ba. Da ya yi zagin ma da hankalina ya fi kwanciya. Kashe rediyon kicin kawai ya yi, ya shanye shayinsa a tsaye, sannan ya ce, "To, ragunan ma a ɗage."

"Baba, sati biyu fa suka rage."

"Su ma can Landan haka suke cewa tun watan Maris."

Tumaki ɗari huɗu muke da su a tsaunin bayan gida, a nan arewacin Wales. Duk shekara a tsakiyar Nuwamba ake sauko da su a sakar musu raguna, bayan wata biyar su haihu, daidai lokacin da ciyawa ta fara tsirowa. Idan aka makara, 'ya'yan ba sa yin ƙwari kafin sanyi ya dawo, idan aka ƙara makara kuma tumakin su daina karɓar barbara sai wata shekara. Mafi yawan 'ya'yan tumakinmu Faransa ake kai namansu. A kara, kasuwar dabbobinmu, kuwa ba maganar da ake yi sai cewa in aka fice ba yarjejeniya, harajin da za a ɗora wa naman zai sa ba mai saye, ƙarshenta a tona rami a binne su.

Baba ya taɓa ganin rami. Ina da shekara shida ciwon dabbobi ya shigo ƙasar, aka harbe garkenmu gaba ɗaya aka ƙona a filin da ke gaban gida. Warin kawai nake tunawa. Shi ya tuna kowace tunkiya. Don haka ya kafe cewa ba zai sa a haifi dabba ɗaya ba sai 'yan majalisa sun faɗi inda aka dosa. In kuma shekarar ta wuce ba haihuwa, ya ce zai sayar da garken, ya bar wa masu dashen itatuwa tsaunin.

Ni kuwa saboda tsaunin nan na dawo gida. Na gama jami'a a Aberystwyth, ƙawayena suka wuce Cardiff, na tattaro akwatuna biyu na littattafai na dawo. Da ni da Osian mun sa bikinmu a watan Yuli, kuma tuni na zaɓi tagar da zan riƙa hango shi ta ciki idan yana gangarowa da yamma. Na karanta labaran soyayya da yawa da yaƙi ya raba masoya, ko teku, ko iyaye. Ban taɓa karanta wanda zaman majalisa ya raba ba.

Ranar Alhamis, sati biyun sun kusa cika, muka shiga kara, ba don muna da abin sayarwa ba, sai don Baba bai taɓa fashin Alhamis ba. A ɗakin shan shayin Menna an cika. Tsoho Gwilym, wanda suka jefa ƙuri'ar ficewa tare da Baba shekara uku da rabi da suka wuce, yana ta buga tebur da cokali.

"Na ce a fita, ba a fita ba. Matata ta ce a zauna, ba a zauna ba. To wa ya ci? Shekara uku muna kwana baya da baya a banza."

"Wannan kuma ba laifin majalisa ba ne, Gwilym," in ji Menna, tana ajiye masa burodi da ƙwai. "Tun kafin ƙuri'a take juya maka baya."

Aka yi dariya. Wani ya ce yanzu kuma wai zaɓe za a yi a Disamba. Wani ya ce shi ko jakar dusa aka tsayar zai zaɓa, muddin za ta ce e ko a'a. Menna ta ce ita ta daina kunna labarai, don duk ranar da ta kunna sai ta ƙona wani abu a kasko. Ba wanda ya ƙara tambayar ɗan'uwansa abin da ya zaɓa. Gajiya ta haɗa kan mutanen da a bara ba sa zama a tebur ɗaya.

Osian ya shigo da ruwa a kafaɗarsa, ya ja kujera kusa da ni. Raguna yake kiwo a kwari, kuma tun Satumba ya ware mana guda takwas.

"Baba Emrys, mutanen naku fa sun fara dukan ƙyaure. Jiya ɗaya ya fasa min bokiti."

"Ka kai su Faransa mana, ɗan Faransa," in ji Baba. Haka yake kiransa tun da ya ji cewa zama ya zaɓa.

"Ai ko Shrewsbury da ke nan kusa ban cika zuwa ba."

"To ka riƙe su. In sun gama surutunsu a Landan zan aiko."

"In suka kai Kirsimeti suna yi fa?"

Baba ya kalli cikin kofinsa. "Sai ku nemi gida a gari, kai da ita. An ce akwai ruwan zafi a can kullum."

Gwilym ya daina buga cokalin. Ni na tashi na fita, na tsaya a jikin shingen awon shanu na yi kukana, ba mai yawa ba. Osian ya biyo ni ya miƙo min hankicinsa mai warin man inji.

"Nerys, in kika ce mu jira, za mu jira."

"Kowa a ƙasar nan jira yake yi. Asabar ka kawo ragunan. Ni zan sauko da tumakin."

"Ke kaɗai?"

"Da Nel."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Na gode masa a raina, kodayake daga baya na so a ce ya faɗa.

Nel ita ce karyar kiwonmu. Ni na shayar da ita da kwalba tana 'yar jaririya, a ƙafata take kwanciya in ina karatu. Amma aikin tsauni da Baba take yi, da fitonsa. Ni aikina a ranar sauko da tumaki shi ne tsayuwa a bakin ƙofa ina ƙirgawa. Na san fiton dama da na hagu da na tsaya, na sha jin su tun ina goye, don haka na ɗauka ba wani abu ba ne.

Asabar da safe Baba ya tafi duba bututun ruwa a filin ƙasa. Osian ya iso da ragunan a tirela, muka zuba su a ƙaramin shinge muka kulle. Shi makiyayin kwari ne, da bokitin dusa yake kiran nasa, don haka ya bi hanyar mota da babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, ni kuma na hau da ƙafa, Nel na biye da ni tana kaɗa wutsiya.

Da muka kai inda tumakin suke a warwatse, na sa yatsu biyu a baki na yi fiton dama. Nel ta kalle ni. Na sake yi. Ta zauna.

"Nel, don Allah. Zagaya."

Ta juya kai wajen gida, ta sake kallona, ta kwanta ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta.

Da na san abin da nake yi, da a nan na haƙura. Sai na shiga korarsu da kaina, ina ɗaga hannu ina ihu. Kuma daga ƙasa na tunkare su, don ta nan na hau. Tunkiyar tsauni in ta ga mutum a ƙasa da ita, sama take yi. Suka yi sama. Osian ya ga haka ya taso da babur don ya tare su, ƙarar injin ta raba su uku. Kashi mafi girma, wajen ɗari da hamsin, suka nufi gabas da gudu, inda tsaunin yake yankewa ya faɗa kwazazzabo mai zurfin gida uku. Shingen wurin ya ruɓe tun bara.

Na bi su, takalmina ya nutse a laka, na faɗi da gwiwa. Ina kallon fararen bayansu suna ƙara nisa, ba ni da abin da zan yi.

Sai na ji fiton.

Daga can ƙasa ya taso, siriri, ya yi sama ya karye. Nel ta wuce ni ba ta ko kalle ni ba. Ta yi gabas, ta buɗe sosai har na daina ganinta, sai ga ta ta ɓullo a bakin kwazazzabon, tsakaninsa da tumakin. Fito na biyu, ta kwanta. Tumakin gaba suka ci birki, na baya suka hau kansu. Fito na uku, ta taso a hankali. Na juya na hango Baba a kan katangar dutse ta filin ƙasa, ƙarami kamar tsinke, hannunsa a baki.

Bai hau tsaunin ba. Daga inda yake ya haɗa kashi ukun, ya gangaro da su ta tsohuwar hanyarsu, layi ɗaya dogo. Ni da Osian muka biyo baya kamar waɗanda aka kama da sata.

Da muka iso ya riga ya rufe su a babban shinge. Nel tana kwance tana haki. Ya kalli lakar da ke jikina daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Shekara ashirin da huɗu a gidan nan, ki tunkari tumaki daga ƙasa."

"Ba ka taɓa barina in hau ba."

"Kai kuma, ɗan Faransa, wa ya ce maka ana kiwon tsauni da inji? Da ka zo da jirgin sama ma."

"Na yi kuskure, Baba Emrys."

"Don kada su karye na sauko da su. Kada wani ya ɗauka wani abu ne."

Ragunan takwas sun ji warin tumakin, suna ta tura ƙyauren ƙaramin shingen har ƙarfen yana kuka. Tsakaninsu da garken bai fi taku goma ba.

Na ce, "To sun sauko. Ko a buɗe wancan ƙyauren, ko in mayar da su sama yanzu da kaina."

Baba ya rufe ido. Ina jin ya hango ni ina mayar da su.

"Nerys, ba wanda ya san inda za a sayar da su."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kin ji wari ne kawai. Ni na riƙe ƙyaure aka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, wata na bin hannuna tana zaton dusa ce." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na zaɓi a fita, har gobe ban yi nadama ba. Amma ban zaɓi a bar ni a bakin ƙofa shekara uku ba. Ba zan iya sake riƙe ƙyauren nan ba."

"In ta kai ga haka, ni zan riƙe. Kai ka shiga gida ka rufe taga."

Idona ya cika, amma ban bari ya zubo ba, don na san in ya zubo zai ce yarinya ce har yanzu.

"Ba duka ba," ya ce daga ƙarshe. "Akwai tsofaffin da ba su da haƙori, akwai na bara da ba su yi ƙwari ba. Ki shiga ki ware."

"Ni?"

"Ke kika ce za ki riƙe. Wanda zai riƙe shi ke zaɓa."

Na shiga. Na riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya, in buɗe baki in duba haƙora, in shafa baya da hantsa, in ce wannan dama, wannan hagu. Baba yana jingine da shinge. Sau biyu na ga ya motsa leɓe, sai ya kau da kai. Har la'asar ta yi kafin na gama, hannuwana sun daina jin sanyi. Ɗari uku da goma sha biyu na ware wa ragunan.

Osian ya kwaɓa garin jan fenti da mai ya shafa wa kowane rago a ƙirji, don a gane tunkiyar da aka hau. Baba ya ce ya yi ruwa, ya ƙara gari. Ya ƙara. Baba ya ce yanzu kuma ya yi kauri.

Na ɗaga sakatar da kaina. Ragunan suka kusa ture ni. Baba bai tsaya kallo ba, ya kira Nel ya nufi gida, yana cewa wani ya ɗora ruwan shayi tunda shi dai yau ba a bar shi ya gyara bututunsa ba.

Na zauna a kan katanga, Osian ya zauna kusa da ni da jan fenti har gwiwar hannu. Na ƙirga wata biyar da yatsuna, lissafin ya faɗa mako na biyu na Afrilu. Ya tambaye ni ko mun san wanda zai saya. Na ce a'a, amma ya fara neman hutu daga nasa aikin, don ɗari uku ba sa haihuwa a hannun mutum ɗaya.