Mutum Ɗaya Ke Sauka

Dokar shiga Kanada ta ruwa ba ta da wuya, sai dai ba ta da wasa. In jirginku ya iso matsayar kwastan, kyaftin kaɗai ke taka ƙasa. Ya kwashi fasfon kowa, ya hau gangare zuwa wayar da ke jikin bango, ya amsa tambayoyi, a ba shi lambar izinin shiga. Kafin nan sauran mutane ko yatsa ba sa fitarwa daga jirgi.

Tun muna da baƙin gashi mijina Lowell ke wannan hawan. Duk bazara mukan tashi daga garinmu Anacortes a ɗan jirginmu mai tafiya da iska, mu ƙetare zuwa Bedwell, matsayar kwastan ta Kanada. Aikina a hanya shi ne cinye tuffar da ta rage, don ba a shiga da ita. Nasa kuwa ya kafa hula ya tafi yana ƙasaita kamar shi ya haƙa tekun.

Bara mantuwa ta fara cinsa. Da fari makulli, sai sunan maƙwabci, sai wata rana ya tsaya a kicin yana tambayata inda muke ajiye cokula. 'Yarmu Corinne ta ce a sayar da jirgin. Na ce to, amma sai mun ƙetare sau ɗaya tukuna. Ta ce taurin kaina ya yi yawa, na ce ai ita ma a nono ta sha.

Ni na tuƙa kusan duk hanyar, ina ce masa ya duba min igiyoyi. Sai da muka ɗaure jirgin a Bedwell na tuna da wayar nan. In ya je, za a tambaye shi ranar haihuwata da lambar jirgi, ya tsaya yana rarraba ido, ƙila ma a kora mu gida. In na je, na bar shi shi kaɗai, kuma na ƙwace masa abu na ƙarshe da yake taƙama da shi. Gaba kura, baya siyaki.

Kafin in yanke shawara ya riga ya kafa hula, ya ɗauki fasfo. Ya je bakin jirgi ya tsaya. Ya daɗe yana kallon gangaren.

"Doreen," ya ce, bai juyo ba, "me ma suke tambaya?"

"Shirme dai irin nasu, tsoho. Bindiga, giya, dankali."

Sai ya miƙo min fasfon.

"Je ki. Gwiwar nan tawa ba ta son hawa yau."

Mutumin da ya yi ta tsalle a kan jirgi tun safe. Na so in rungume shi, amma na san in na yi haka na tona masa asiri. Sai na ce, "Ragon banza. To ka zauna, kada ka sauka, ka ji?"

Ina hawa ina waiwaye. A waya wata mata ta tambaye ni sunan jirgi, na faɗa. Sai ta ce, "Ke ce kyaftin?"

Na waiwaya wajen jirginmu, har ta sake tambaya. Na ce ni ce, kuma na ji kamar na yi masa sata.

Da na sauko da lambar, sai na hango wani jirgi yana ƙoƙarin ɗaurewa kusa da namu, mai shi yana kiran Lowell ya sauko ya kama masa igiya. Lowell bai taɓa ƙin kama wa kowa igiya ba. Amma yana tsaye a cikin jirgi, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," na ji yana cewa, "ba a sallame mu ba tukuna."

Na kama wa mutumin igiyarsa, na liƙa lambarmu a taga. Lowell yana nan inda yake, hannuwansa sun yi fari don riƙo. Ya dube ni, ya gyara hularsa.

"Kyaftin," ya ce, "zan iya sauka?"

Na miƙa masa hannu.