Kukan Famfo a Rediyon Sabi

Duk direban da ke shan fetur ɗin kwalba na bakin titi a Parakou ya san famfon mai ba ya tsufa a mota. Na Sabi Gunu ya mutu a farkon damina, aka ɗaura masa na gwanjo a ƙarƙashin mota, aka ja masa doguwar waya yadda aka ga dama. Mota ta tashi lafiya, amma rediyo ya kama kuka kamar sauro a kunne.

Ga wani direban wannan ba abin damuwa ba ne. Shi kuwa Sabi 'yarsa ɗaya ce a duniya, Bake, kuma tun bayan rasuwar uwarta ta sami aiki a wani ƙaramin gidan rediyo can nesa, tana karanta sanarwa da azahar. Muryarta da ƙyar take isowa hanyar Nikki da yake bi, sai ga famfo ya zo ya danne ta.

Sai ya ɓullo da dabara. Da lokacin ya yi, in ya sami gangara sai ya kashe inji, motar ta riƙa silalewa shiru yana saurare. Ranar da birki ya yi masa tauri har ya kusa afka wa garken shanu, fasinjoji suka kai ƙara. Shugaban tasha ya ce in ya ƙara, ya bar layin ke nan.

Da safe ya zo rumfata, don gyaran wutar mota ne sana'ata. Na ce masa tsofai-tsofai da shi yana wasa da rayukan mutane saboda sanarwar ɓatan tumaki. Bai yi dariya ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Na shiga ƙarƙashin motar. Wanda ya yi aikin, Allah ya shirye shi, ya ɗaure wayar famfo da ta eriya wuri guda. Na raba su, na murɗe wayoyin famfon biyu kamar igiya, na kankare fenti inda waya ke kama jikin mota, sannan na ciro ɗan abin nan da ake kira kondansa daga wani mataccen rediyo na manna shi a bakin famfon, don ya shanye ƙarar tun daga tushe.

Na bi shi gwaji, mota cike. Da azahar ta yi, sai ga muryar Bake tangaram, inji na aiki. Ba mu yi nisa ba Sabi ya gangara gefen titi ya tsaya.

Na ce, "Haba Yaya Sabi, me kuma ya rage? Ai kukan ya tafi."

Ya goge ido da bakin rigarsa.

"Boni, ashe muryar uwarta ta ɗauko. Bari ta gama, ba na ganin hanya."

Fasinjojin suka zauna suna saurare tare da shi har ta yi sallama.