Baƙin Ƙugu a Gaban Tarakta

Tarakta na ruri a bakin filin ciyawar da ke bayan masana'antar kwali lokacin da Auta ta iso a guje, kyamara na lilo a wuyanta. Yayanta ne a kan sitiyari, shi aka ba aikin yanke ciyawar.

"Yaya, don Allah dakata!"

"Ke da tsuntsayenki! Manaja ya ce yau a aske filin nan ƙwal."

Auta ma'aikaciyar ofishin kula da namun daji ce. Tana haki ta ce, "'Yar salwar nan mai yatsu uku iri biyu ce, kamar an tsaga kara. Ɗaya ko'ina akwai ta, ƙugunta ruwan ƙasa. Ɗayar ƙugunta baƙi ne, ba a cika samunta ba. In ita ce ke ƙwai a nan, ofishinmu zai hana yankan. Amma sai da hoto."

"To ɗaga mata fiffike ki leƙa mana."

"Sai ta tashi ake ganin ƙugun, ita kuwa gudu take a ƙasa kamar ɓera. Na tattake filin nan kaf, ta ƙi tashi."

Yaya ya sosa ƙeya, sannan ya ja ƙarfen da ke ɗage wuƙaƙen yankan ciyawar sama.

"Hau nan bayana. In ƙarar tsohuwar taraktar nan ba ta tashe ta ba, sai dai aradu."

Suka kutsa cikin ciyawa a hankali. Auta ta saita kyamara, gumi na shiga mata ido. Fir! Wani ɗan abu ya tashi daga gefen taya, ya sake faɗawa ciyawa. Ta riga ta danna.

Ta duba hoton. Ƙugu baƙi wuluk!

Yaya ya taka birki da ƙarfi. Gab da taya, wani ƙaramin tsuntsu ya lafe a kan ƙwai, ko motsi.

"Namijin ne," ta raɗa masa. "Shi ke kwanci."

"Namiji? Ashe mijinki na da dangi a daji!"

Sai ga Manaja yana zabga masifa. Yaya ya kashe inji, ya karɓi kyamarar, ya diro yana buɗa kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, yau ba yanka. Duba nan da kyau. Ƙanwata ce ta ɗauka, wadda na goya a bayan nan. Tuƙin kuma nawa ne."