Layi Na Biyu a Cikin Gwangwanin Fim

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo, kunnuwanmu na wurinki.

Magadaliya ta unguwar Jos Jarawa ta haura tamanin ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba. Uban nata, Siman, ya tafi yaƙin Boma tana cikin ciki, bai dawo ba, ko hoto bai bari ba. Gadonta duka gwangwanin fim ne guda, wanda kawunta, direban motar majigi, ya ba ta yana cewa, "Babanki na ciki, layi na biyu."

Labari ya kai kunnen Babajide, wani ɗan kasuwar Katako mai tara tsofaffin finafinan da Turawa suka yi lokacin yaƙi don nuna ƙasashe sun haɗa kai. Ya zo, ya buɗe gwangwanin, wani tsami ya bugi hancinsa.

"Mama, fim ɗin nan ya fara ruɓewa. Ba ni in aika Legas a gyara. In aka sa shi a inji yanzu, tsinkewa zai yi."

"Wata nawa?"

"Shekara ɗaya, ko biyu."

"Oga Jide, dube ni da kyau. Ni da fim ɗin, wa ya fi wani ruɓewa? Ɗauko injinka."

Ya yi magiya har ya gaji. Washegari da hantsi ya kawo injin, aka toshe taga da zannuwa.

To, sai ga Turawa a bango. Wannan ya gaisa da wancan, a sa hannu a takarda, a ɗaga tuta, a sake gaisawa. Babajide baki buɗe, kamar an ba shi zuma. Magadaliya ta yi hamma.

"Su waɗannan ba su da aiki sai gaisuwa?"

Can sai ga sojoji baƙar fata. Layi na farko ya wuce, na biyu ya shigo, hula iri ɗaya, duk a rame. Ta dafa gwiwa, ta miƙe da kyar. Fat! Fim ya tsinke, bango ya yi fari.

"Mama, kin gan shi?"

"Na ga mutum takwas, kowanne ya gaji. Yana cikinsu." Ta koma ta zauna. "Kwashe kayanka, ɗana, bayana na ciwo. Haɗa da gwangwanin."

Mutanen Legas suka ce fim ɗin ba ya gyaruwa, Babajide ya ajiye shi a kabad tare da sauran. Magadaliya ta ƙara damina biyu a ɗakinta, ta rasu a ta uku.