Tiya Goma Sha Shida

Ranar da sammaci ya iso Ɗanzomo, Barau yana gona yana yankan riɗi. Ɗan aiken kotu ya karanta masa takardar a bakin kunya: tsohuwar matarsa Kyauta ce ta kai maganar ciyar da 'ya'yansu gaban alƙali a Gumel.

Abin ya yi masa ciwo. Shekara uku da rabuwarsu, ita tana gidan yayanta a Maigatari tana sana'ar awo, tare da yaran, Mansura da Sumayya. Dubu goma sha biyu aka yanka masa a wata, kuma ko a shekarar da tsutsa ta cinye masa gero bai taɓa tsallake wata ɗaya ba. Ya sayar da akuya, ya yi ƙwadago, amma kuɗin sun je.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi, ransa a ɓace.

Da alƙali ya ba Kyauta dama, sai ta roƙi a fara rubuta cewa baban yaran bai taɓa yi mata wasa da kuɗin ba. Sannan ta yi bayani: lokacin da aka yanke hukuncin, kuɗin suna sayen tiya ashirin ta gero, yanzu da ƙyar su sayi bakwai. Ita ke auna hatsi duk ranar Alhamis, ta san farashi fiye da kowa. Ga Mansura ta shiga aji huɗu, takalmin bara ya matse ta.

Barau kuwa gero a rumbunsa yake ɗiba, bai taɓa tsayawa ya duba abin da kuɗin suka koma a kasuwa ba.

Alƙali ya ce abu uku zai duba: abin da yara ke buƙata, ƙarfin uba, da tsadar gari. Ya tambayi Barau abin da ya noma. Barau ya faɗa bai ɓoye komai ba: dami saba'in na gero, riɗi ana sa ran buhu takwas. A gida kuma akwai mahaifiyarsa, da matarsa ta yanzu da jaririnta. Alƙali ya yi rubuce-rubuce, ya ce yana ganin a mayar da kuɗin dubu talatin a wata.

Barau ya miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, in aka rubuta kuɗi, baɗi ma nan za mu dawo. Ni manomi ne. A rubuta gero, tiya ashirin duk wata kamar yadda take tun farko. Riɗi kuma buhu biyu duk kaka, na sutura da makaranta da magani."

Alƙali ya juya wajen Kyauta. Ta ɗan yi tunani, ta ce yaran ba sa cin ashirin, sha shida ta ishe su har da koko.

"Baban Mansura, kai ma kana da bakuna a gida," in ji ta. "Abin da za su ci kawai nake so."

Barau ya nace, ta ƙi. A ƙarshe aka rubuta sha shida, da sharaɗin za a ƙara biyu idan Sumayya ta kai shekara goma. Kuɗin cefane kuwa Kyauta ta ce nata ne, sana'arta za ta ɗauka, kuma a rubuta hakan ma.

A ƙofar kotu yayanta ya miƙa wa Barau hannu, karo na farko tun rabuwar.

Da aka gama sussuka, Barau ya ware na yaran tun kafin ya zuba nasa a rumbu, ya ɗora buhunan a motar kasuwa. Direban ya tambaye shi ko sayarwa zai yi, don hatsi ya yi kuɗi a Maigatari.

"Na 'ya'yana ne," ya ce. "Ka ɗaure da kyau, hanyar akwai ramuka."