Ƙyauren Ɗakin Talle

Ban gama yanka likkafani ba sai ga Danda mai wankan gawa ya fito daga ɗakin Talle da sauri, ya toshe hanci da gefen rawaninsa. Ya tsaya bakin zaure ya tofar da yawu, ya ce shi kam ba zai iya ba, a nemi wani. Tun ina yaro Danda ke wanke mamatan unguwarmu a Tasawa, har wanda aka tsinta a daji ya kumbura ya wanke, ban taɓa jin ya ce uffan ba.

Talle maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, ni tela, shi majemi. Gyambo ne ya ci masa ƙafa tun damina, ya cika da hantsin ran nan. Ɗakin yana wari, ba zan ɓoye ba. Amma ba gyambon ne ya koro Danda ba, don na ga inda idonsa ya nufa: gindin durumi, wurin da Mahaman, shugaban komitin jam'iyya na unguwa, yake zaune bisa buhunan gyaɗar da ya saya, yana ta ƙamshin turare.

Abin ya faro tun kafin 'yancin kai, lokacin da jam'iyyu biyu ke ja-in-ja. Mu dai ba mu san abin da kowacce ke nufi ba. Talle ya ce yana bayan ɗaya, don wani ɗan'uwansa mai dako ya gaya masa ta talakawa ce. Ran taro Mahaman, wanda ke ɗaya jam'iyyar, bai wahalar da kansa da bayani ba. Nuna Talle ya yi da baki, ya kama hanci, ya ce a dubi irin masu bin waccan, mutanen da ke wuni da hannu cikin ruɓaɓɓiyar fata da kashin tantabara. Aka kwashe da dariya. Shi ke nan, unguwa ta yanke shawara da hancinta.

Da aka haramta waccan jam'iyyar, warin jima ya zama laifi. Aka ce Talle ba ya tsarki. Aka ce sallarsa ba ta wuce kansa. Da aka ga Yakubu, wani manomi Kirista na bayan gari, yana zuwa wanke masa gyambo, aka ce ai ya bar addini. Duk mai faɗin ɗaya daga cikin waɗannan sai ya yamutsa fuska tukuna, kuma ban taɓa jin an nemi wata hujja bayan wannan ba.

Na ajiye likkafanin na tafi gindin durumi. Na roƙi Mahaman ya yi wa Danda magana, rana tana yi, gawa ba ta jira. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Salifu, koma ga kekenka," in ji shi. "Mutumen da ya mutu da wari irin wanga, Allah ne ya nuna muna abin da ke cikinshi."

Na juya ina jiran wani ya ce masa ya ji tsoron Allah, sai na ga kawuna suna gyaɗawa, har da na waɗanda Talle ya jeme wa fatun layya shekara da shekaru.

Liman Abdussalamu ya iso, ya shimfiɗa buzunsa a zaure, buzun ma aikin Talle ne. Ya yi ta jan carbi yana cewa a yi haƙuri, a bi a hankali. Ana cikin haka muka ji takun mutum daga cikin gida. Uwani ce, matar Talle, ta fito har tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin mai sabon rashi ta yi ba. Idonta a bushe yake. Ta durƙusa gaban liman.

"Allah gafarta Malam, an hana mace ta wanke mijinta?"

Liman ya dubi carbinsa ya ce, "Ba a hana ba."

"To, a ba ni ruwa."

Yakubu ne ya kawo ruwan bisa jakinsa, ya sauke tulunan bakin ƙofa, ya ja da baya ya tsaya cikin rana. Liman ya matsa jikin katanga yana faɗa mata abin da za ta fara da abin da zai biyo. Ba mu jin komai daga ɗakin sai zubar ruwa. Na gama ɗinkin ina hawaye, kuma ba na tausayi ba ne, na baƙin ciki ne.

An yi masa salla, in dai wannan salla ce. Liman ya tsaya kusa, ni ina bayansa, sauran kuwa suka ja sahu can nesa, wajen da iska ba ta bi. Da aka sallame na ce a ɗauko makarar masallaci. Mahaman ya ce makarar nan gobe iyayenmu za ta ɗauka, ba za a ɗora mata wannan ba. Na dubi liman, liman ya dubi ƙasa.

Daga bayan zaure muryar Uwani ta zo, ba ta ko rawa: "Ku cire ƙyauren ɗakinshi."

Muka cire, muka ɗora shi a kai. Ciwo ya riga ya cinye Talle, mutum biyu sun isa. Na kama gaba, Yakubu ya kama baya, babu wanda ya ce masa kada ya taɓa. Muka bi ta gefen kasuwa, masu dakon da ke loda gyaɗa cikin mota suka tsaya suna kallo, masu abinci suka yi ta rufe kwanoni. Liman ya biyo mu a baya shi kaɗai.

A maƙabarta mun tarar an haƙa kabari, amma ba wanda ya saro itacen da ake jerawa kafin a zuba ƙasa. Yakubu ya dube ni, na dube shi. Muka ɓaɓɓalle allunan ƙyauren muka jera a kansa.

Da la'asar na shiga yi wa Uwani gaisuwa. Tsakar gidan ba kowa, tabarmin da aka shimfiɗa wa masu ta'aziyya kaji ne a kai. Ta rataya tsohon zane a bakin ɗakin, bai kai ƙasa ba. Ta ƙarƙashinsa na hango ƙafafunta a miƙe, da jiƙaƙƙiyar ƙasa inda ta yi wankan.